A taimaka min da Hausar "second cousin" kafin Laraba

Mai Shirin Lafiya: Assalamu alaikum malamai. Ranar Laraba 19 ga Yuni ce ranar masu amosanin jini, wato sikila, ta duniya, kuma ina da shiri a rediyo da ƙarfe 8 na dare. Likitan da zai zo ya turo min bayaninsa da Turanci, ni zan karanta shi da Hausa kafin mu buɗe layi. Na maƙale a wuri ɗaya. Ya ce a wajen likitoci, auren da suke sa wa ido shi ne na "second cousins" ko waɗanda suka fi su kusa. Sai ya jero lissafi: "first cousins" sun yi tarayya a kashi 12.5 cikin 100 na ƙwayoyin gado, "second" kashi 3 da ɗan ɗoriya, "third" ko kashi 1 ba su kai ba. Na rubuta "'yan'uwa" sau uku, da na karanta wa kaina sai na ji kamar ina yi wa masu sauraro tatsuniya. Me zan ce?

Bazazzagi: Wa alaikis salam Hajiya. Taubashi na ɗaya, taubashi na biyu, taubashi na uku. An wuce wajen.

Tsohon Malamin Hausa: Ba a wuce ba, ɗana. Taubasantaka tsakanin ɗan mace da ɗan namiji take, wato ɗan kawunka ko ɗan gwaggonka. Ɗan baffanka ba taubashinka ba ne, wanka ne ko ƙanenka, haka ɗan yayar mahaifiyarka. Je ka yi wa ɗan baffanka da ya girme ka irin wasan da kake yi wa taubashi ka ga yadda za ku kwashe. Idan Hajiya ta ce taubashi, duk wanda ya auri 'yar baffansa zai ce ba da shi ake ba, alhali a lissafin likita su da taubasan daidai suke.

Bazazzagi: Na karɓi gyara, Allah gafarta Malam.

Ɗan Damagaram: Mu nan Faransanci na da su daban, "cousin germain" da "cousin issu de germain". Amma a gari kuzan kawai yara ke cewa.

Uwar Biyu: Mu ma kozin muke cewa, kowa ya gane. Hajiya ki ce kozin na biyu ki huta.

Maƙerin Kalma: Subhanallahi. Harshen da ya raba kawu da baffa, ya raba gwaggo da inna, abin da Turanci ya kasa sai ya cusa su a kalma biyu kacal, shi ne za a ce ya je aron kozin? Ga shawarata, kuma na daɗe ina nazarinta. Mu bi awon taubashi. Waɗanda suke jikokin mutum ɗaya, kowane JIKASHI ne ga ɗan'uwansa, jam'i jikasai. Waɗanda suke tattaɓa-kunnen mutum ɗaya, KUNNASHI, jam'i kunnasai. Gajeru ne, sun hau harshe, kuma jininsu na Hausa ne tsantsa.

Uwar Biyu: Kunnashi? Wallahi na ɗauka sunan ciwon kunne ne.

Tsohon Malamin Hausa: Malam Maƙeri, kawu da baffa da gwaggo da kake tinƙaho da su, daga bakin Fulani muka karɓe su. Aro ba abin kunya ba ne. Abin da ya hana ni son kozin shi ne bai warware wa Hajiya komai ba, don tsohuwa a ƙauye ba ta san inda na ɗaya ya tsaya na biyu ya tashi ba. Kunnashi kuwa sai an bi shi da bayani, to in dai sai an yi bayanin, a yi bayanin a bar kalmar.

Maƙerin Kalma: Da haka aka bi, da yanzu ba mu da jirgin sama ba mu da gidan waya. Wani ne ya fara faɗa. Matsalarmu ke nan, in Bature ya ƙirƙiro sai mu ce ilimi, in namu ya ƙirƙiro sai dariya.

Bafulatanin Yola: Tunda an ambace mu, a biya kuɗin aro tukuna. Kuma ni ɗan namiji ne, duk ɗan macen da ke nan ya sani bawana ne.

Bazazzagi: Bawan da kake biya kuɗin shara duk cika-ciki? Bara ma ba ka biya naka taubasan ba, labari ya zo mana.

Mai Shirin Lafiya: Don Allah malamai, Laraba jibi ce.

Nas a Sashen Yara: Hajiya, bari in faɗi yadda muke yi a wajen aiki, don kullum sai na yi wannan tambayar. Ban taɓa ce wa uwa "mijinki taubashinki ne?" ba. Cewa nake "kun haɗa kaka da maigidan?" In ta ce a'a, sai in ce "to iyayenku fa, sun haɗa kaka?" Nan take za ki ga ta ɗaga yatsu tana ƙirgawa. Kwanaki wata ta zo da yaro ƙafa da hannu a kumbure, yana ta tsala kuka. Na tambaye ta ko mijin ɗan'uwanta ne, ta ce sam, bare ne, daga wani gari ma yake. Da na juya tambayar sai ta ce ai kakarta ta wajen uwa da kakansa na wajen uba ciki ɗaya suka fito. Ita a wajenta tunda ba gida ɗaya suka tashi ba, bare ne.

Amma in ja hankalinki kan abu ɗaya. Kada shirin ya fita kamar auren zumunci ne ke kawo sikila. A Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila ɗaya amma ba ya ciwon. AS ya auri AS, ko daga Legas aka ɗauko ɗaya aka ɗauko ɗayan daga Agadas, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS, wato mai ciwon sikila. Zumunci yana ƙara yiwuwar a haɗu a kan ƙwayar gado iri ɗaya ne kawai, musamman in ana ta maimaita shi a gida ɗaya, iyaye tuwona maina, 'ya'ya ma tuwona maina. Dokar gwaji kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a watan Mayun nan na 2024 ba ta ware dangi da bare ba, kowa sai ya yi.

Almajirin Zaure: Gara da kika faɗa, Malama. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta lissafa matan da aka haramta aure, babu 'yar baffa babu 'yar kawu a ciki. Aya ta 50 a Suratul Ahzab ma ta ambace su cikin waɗanda aka halatta. Sayyidina Ali ɗan baffan Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma shi ya auri Nana Faɗima. Kada a ɗauko ƙyamar Turawa a sa mana ita a rigar likita.

Ɗan Damagaram: Ƙyamar ma ba ta daɗe a wajensu ba. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ɗan kawunta Albert ta aura a 1840. Darwin mai maganar asalin halittu 'yar kawunsa Emma ya aura a 1839. Daga baya ne a Amurka jihohi da dama suka haramta.

Nas a Sashen Yara: Malam, halal daban, gwaji daban. A birnin Bradford na Ingila, inda 'yan asalin Pakistan suke da yawa, an bi diddigin jarirai sama da 11,000, aka fitar da sakamakon a 2013. Haihuwa da naƙasa ta tashi daga kusan 3 cikin 100 zuwa kusan 6 cikin 100 ga waɗanda suka haɗa kaka. Ya ninka, gaskiya ne, amma 94 cikin 100 lafiya lau aka haife su. Duka biyun nake so Hajiya ta faɗa.

Maƙerin Kalma: Kun ga? "Waɗanda suka haɗa kaka", kalma huɗu. Jikasai, kalma ɗaya. Kuma "haɗa kaka" ɗin naku yoyo yake. Mutum mai mata huɗu, jikan uwargida da jikan amarya sun haɗa kaka, amma tsohon kaɗai suka haɗa, ba tsohuwar ba. Rabin lissafin likita ke nan, kashi 6.25 maimakon 12.5. Sannan Bahaushe ƙanen kakansa ma kaka yake ce masa.

Tsohon Malamin Hausa: Nan kam ka yi gaskiya, kuma jikashinka ma da wannan ramin ya zo. Sai dai ga gwaji. Masanin kimiyya Einstein ya auri Elsa a 1919. Iyayensu mata ya da ƙanwa ne, iyayensu maza kuma sun haɗa kaka. Na faɗe shi a layi ɗaya, ba wanda bai gane ba. Kai sai ka ce jikashiyarsa ce kuma kunnashiyarsa, mai sauraro ya kashe rediyo. Bature tsawon tsani yake ƙirgawa. Mu kuwa tambayarmu ta wace ƙofa aka haɗu, ta mace ko ta namiji, shi ya sa sunan ba ya nan amma aikatau ɗin yana nan.

Mai Shirin Lafiya: Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta, ku duba min. Na farko: waɗanda iyayensu 'yan'uwan juna ne, maza ko mata, uwa ɗaya uba ɗaya, wato sun haɗa kakanni. Na biyu: waɗanda iyayensu ne suka haɗa kakanni. Na uku: waɗanda kakanninsu ne suka haɗa kakanni. Doguwar kalmar da likitan ya kira irin wannan aure da ita kuma zan ce auren zumunci na kusa. Ni kaina ɗan kawuna nake aure, shekara 14 ke nan, kuma surukata ba ta fashin shirin, don haka dole in taka a hankali.

Tsohon Malamin Hausa: Ya yi, 'yata. Sai dai "na kusa" ɗin bai kwanta min ba, don kowa da inda kusansa ya tsaya. Amma lokaci ya ƙure, ki tafi da shi.

Maƙerin Kalma: Na ku bayani ne, ba kalma ba. Ranar da aka zo rubuta littafin kimiyya na sakandare, za ku nemi jikashi. Hajiya, ko sau ɗaya ne ki ambace shi a shirin mu ji abin da masu kira za su ce.

Mai Shirin Lafiya: Minti 30 ne shirin, Malam, kuma 5 na talla ne.