Na sabunta darasi, ci gaban ɗalibaina ya ɓace

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimako a kan wani abu da ya hana ni barci kwana uku.

Ina da kwas ɗin SCORM 1.2 (tsarin haɗa darasin intanet a kunshi ɗaya) a Moodle (manhajar koyarwa ta intanet), ɗalibai sun yi nisa a ciki. Na gyara kura-kurai biyu a babi na huɗu, na ƙara shafi ɗaya, sannan na sake fitar da kunshin na ɗora a kan tsohon. Washegari wata ɗaliba ta turo min hoton allonta: jiya tana shafi na 31, yau an mayar da ita farko. Waɗanda suka kammala ma wasu alamarsu ta goge.

Na buɗe imsmanifest.xml, fayil ɗin da ke bayyana abin da ke cikin kunshin, na ga lambar shaidar darasin ta canza. Ina zargin nan ne matsalar, domin da ita ake ɗaure bayanan kowane ɗalibi. Laifina ne, ban gwada a kwafi ba tukuna.

Idan na mayar da tsohuwar lambar na sake ɗorawa, bayanan za su dawo, ko sai daga ajiyar da na yi kafin gyaran? Kuma shafin da na ƙara zai rikita wurin da kowa ya tsaya? Don Allah wanda ya taɓa fuskantar wannan ya taimaka min, jarrabawarsu ta kusa.