Musayar waƙa: Arirang da laujen Yeong-jin

Baban Ikram:
Salam jama'a, yau Koriya muka nufa, fim ɗin Arirang na Na Woon-gyu, labarin wani ɗalibi Yeong-jin, da aka fara haskawa a silimar Dansungsa ta Seoul ran 1 ga Oktoba 1926, lokacin Japan na shekara 16 a kansu. Bismillah.
Na Woon-gyu ya ɗau kyamara da dabara,
Japan na mulki, baki ba ya furtawa,
Ya sa ɗalibi ya zautu don azaba,
Mahaukaci kowa ya san ba a kamawa.

Hajjo Damagaram:
Wa ya ce maka ba a kamawa, yaya?
Yeong-jin da lauje ya sare baran mai dukiya,
Wanda ya zo wa ƙanwarsa da ƙeta da mugunta,
'Yan sanda suka haye tudu da shi ɗaure da igiya.

Ɗan Tasha:
Kai Hajjo ta gama da shi wlh, Damagaram ba a taɓa ku a kwana lafiya!

Malam Sani Aruli:
Wane gamawa, ɗango na uku ya fita daga amsa-amo, ina "mugunta" ina "igiya", kuma karin ya karye tun daga na biyu, ku ƙirga gaɓoɓin mana kafin ku fara tafi.

Ɗan Tasha:
Malam kullum ƙirga, mu dai ba mu taɓa ganin baitinka ba.

Baban Ikram:
Hajjo kin yi ta zuba kamar kin kalla,
Fim ɗin ya ɓace, babu kwafi ko ƙwalli,
Mai shi tarin fuka ya kai shi kushewa,
1937, ke kina ina, ki faɗa min dalili.

Malam Sani Aruli:
Lamba a tsakiyar ɗango? Innalillahi.

Hajjo Damagaram:
afuwan netwok ne ya riƙe ni.
Ni ban kalla ba, kai ma labari ka sha,
Fim ne bebe, byeonsa ke bakin faɗa,
Yana gefen majigi yana ba hoto murya,
'Yan kallo na kuka, suna rera waƙar Arirang tare da juna.

Ummi:
Ashe dai irin masu fassara mana fim ɗin Indiya ne, to su Japan ɗin ba sa jin abin da yake faɗa ne?

Baban Ikram:
Suna tace fim sosai Ummi, shi ya sa aka laɓe bayan hauka, Na Woon-gyu kansa ya sha kurkuku kan fafutukar 'yanci kafin ya shiga fim.

Malam Sani Aruli:
Hajjo wannan karon amsa-amo huɗu a baiti ɗaya, ki gyara ko in kai ƙara wurin admin.