Makaro ko in ci gaba da rubuta kowane aiki daban?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum 'yan'uwa. Shagona a Suame Magazin ta Kumasi, na sayi tsohon injin milin (injin yankan ƙarfe) mai kwamfutar Fanuc. Aikina flanji ne, wato faifan ƙarfe mai huji-huji na haɗa bututu, yau mai huji 6, gobe 8, jibi 12, kowanne sai na sake rubuta G-code, wato umarnin da injin ke bi, daga farko. Wani ya ce zai koya mini makaro, in riƙa sa umarnin IF (idan) da WHILE (muddin), in canza lamba ɗaya kawai injin ya lissafa sauran. Yana neman sidi 3,000. In biya ko in haƙura?

Mai Walda Asawasi: Sayi injin mai GRBL, manhajar ƙananan injuna, ka huta.

Injiniyan Nima: Haba Malam, ka karanta tambayar? Injinsa Fanuc ne, kuma GRBL ma ba ya karɓar IF sam. Ɗan Aboabo, kafin ka ba kowa ko sisi, shiga MDI, inda ake buga umarni da hannu, ka buga #100=5, wato ka ajiye 5 a ma'ajiyar lamba ta #100. In bai yi ƙarar gargaɗi ba kuma ka ga shafin MACRO a ƙarƙashin OFFSET, injinka na da makaro. Wasu tsofaffin ba a kunna musu ba.

Masta Tafo: Yaro, saurari abin da ya same ni. Wani matashi da ya gama makaranta ya rubuta mini irin wannan. Kota, wato bakin da ke yanka ƙarfen, ta riƙa sauka 0.7 a kowane zagaye, in zurfi ya kai 12 ta tsaya. Sai ya rubuta EQ, wato sai ya zama 12 cif. To lissafa: 11.9, daga nan sai 12.6. Yaushe zai taka 12? Ina waje ina alwalar la'asar na ji ƙara kamar an tsaga langa-langa. Kota ta huda ƙarfen, ta ci matsin da ya riƙe shi, ta shiga tebur. Har yau ramin na nan, ɗan yatsana na shiga ciki. Sifindil, sandar da ke juya kota, ya fara kuka tun ranar, wata biyu ba aiki, mai kayan ya kwashe ya kai wani wuri. Yaron kuwa ya daina ɗaga waya. Da GE ya sa, wato ya kai 12 ko ya wuce, harafi biyu kacal, da ba a yi wannan asarar ba.

Injiniyan Nima: Allah ya mayar da alheri, Masta. Amma laifin ba na makaro ba ne. Ana gwada sabon shiri a iska tukuna, ba tare da kota ta taɓa ƙarfe ba, layi-layi, hannu na kan maɓallin tsayawa. Kuma a sa #3000, umarnin gargaɗi, ya yi ƙara in lamba ta wuce iyaka.

Masta Tafo: Kai a ofis kake ko a shago? Na fara yankan ƙarfe ba a haife ka ba.

Ɗan Aboabo: Kawu a yi haƙuri. Batun kuɗin fa?

Baban Sabon Zango: Ni 1,200 na biya, kwana huɗu.

Mai Walda Asawasi: Ƙanena 5,000 aka caje shi a Tema.

Injiniyan Nima: Bayanin makaro yana cikin littafin injin, kyauta.

Mai Walda Asawasi: Ni a gida Hajiya ce ke da IF: in babu cefane, GOTO (tafi) gidan iyayenta.

Baban Sabon Zango: Wanda ba a faɗa maka ba shi ne wuta. Na ajiye ƙidayar huji a #100, aka ɗauke wuta a huji na bakwai, da ta dawo lambar ta goge, injin ya koma na farko. Lambobin rukunin #500 ne ke zama ko an kashe injin. Sai da na ɓata faranti biyu na gane.

Masta Tafo: Wutar ma ai ita ce babbar cuta. Jiya sau uku a layinmu, kuma kati na cinye kuɗi kamar wuta ba ta taɓa tafiya ba. Ku a Aboabo nawa kuke sawa a wata?