Musayar waƙa: daga Daffon Zariya zuwa ganuwar Katsina

Ɗan Ƙofar Sauri:
Amsa-amon yau "ya" ne. Wanda ya karya, shi zai sayi fura.

Da sunan Allah nake farawa,
Batun bariki ya kai ni Zariya.
A 1924 aka kafa Daffo, gidan horon soja,
Har yau kurata na can suna shan wuya.
A aske maka kai, a miƙo kaki,
Begila ta tashe ka tun kafin safiya.
Wata shida ana gwale-gwale,
Ko ɗan sarki ne kai, kofur ba ya jin magiya.

'Yar Rafindadi:
Yaya, ka bar gida ka tafi Zazzau,
Sai ka ce sansani mun san shi ne jiya.
Tun Bature bai zo da igwa ba,
Ganuwa ce barikinmu, ita ce kariya.
Kaura ke jan dawaki zuwa fagen daga,
Da sulke, da lifidi, da mashi, da kibiya.
Gobarau ta masallaci ce, na yarda,
Amma daga kanta ake hango ƙurar maƙiya.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Ƙanwata, ganuwar na tsaye a 1903,
Bature Lugga ya bi Ƙofar 'Yanɗaka ya shige lafiya.
Kano ta faɗi, Sakkwato ta bi ta,
Wa zai tari igwa da kwari ɗaya?
Kuma masu saɓe da bindigoginsa,
Da yawansu Hausa suke ji, 'yan uwa ɗaya.

'Yar Rafindadi:
Ka maimaita "ɗaya" sau biyu, Yaya. Fura ta hau kanka.

Kawu na Daura:
Yara, ku sassauta, ku ba tsoho wuri,
Kun yi ta gardama kun bar cibiya.
Lokacin yaƙin Hitila aka ɗebi samari,
Daga gona sai bariki, sai jirgin ruwa Indiya.
Wanda bai taɓa ganin teku ba,
Ga shi a dajin Bama, ruwan sama ba tsayayya.
Ga Japan a gaba, ga zazzaɓi a jiki,
Wasu sun dawo, wasu can suka yi kwanciya.
A 1944 namu na cikin dakarun Cindit,
Sunan da ke kan barikin nan na Zariya.
Sarkin Katsina Usman Nagogo ya bi su har can,
Ya gaishe su, ya ga yadda suke rayuwa a wuya.
Ɗansa Hassan kuwa kakin ya ɗauka,
A 1966 ya riƙe Arewa gaba ɗaya.

'Yar Rafindadi:
Kawu, Allah ya ja da rai, na rusuna,
Amma ban janye ba, ganuwa ce uwargijiya.
Duk ku biyun kun tsallake barikin Natsinta,
Ga ta nan kusa, a kan hanyar Jibiya.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Natsinta taki ce, ƙanwata, tun da ke kika tono ta. Baiti biyar muke jira kafin la'asar. Furar kuwa, a turo mai karɓa Ƙofar Sauri.