Manhajar hana maguɗi da masu wasa daga nesa: abin da kowa ya gani

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda manhajar hana maguɗi ta taɓa shiga tsakaninsa da wasansa ya faɗi abin da ya same shi. Ni dai nakan bar babbar kwamfutata a kunne, in riƙa jawo hoton wasa zuwa ƙaramar kwamfuta ta hanyar Sunshine da Moonlight, manhajoji biyu na yin wasa daga nesa, tun bayan da kamfanin NVIDIA ya janye tasa manhajar, GameStream, daga na'urorinsa na Shield a 2023. Yawancin wasanni suna tafiya lami lafiya, in ban da wani wasan harbi guda ɗaya: hoto yana zuwa, sauti yana zuwa, amma da zarar an shiga fili sai linzami ya ƙi juya ɗan wasana ko kaɗan. Na kwana uku ina zargin intanet ɗina kafin in gane ba nan matsalar take ba.

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na sha wannan wahalar, kuma dalilinta ba ɓoyayye ba ne. Idan ka motsa linzami daga nesa, babu wani linzami na zahiri da ke motsi a jikin babbar kwamfutar. Manhaja ce ke ƙirƙirar motsin ta miƙa wa Windows, shi kuma yana yi masa alamar cewa ƙirƙirarre ne. To, ta wannan ƙofar ce masu maguɗi suke shigo da manhajar da ke saita musu bindiga a kan abokin karawa, saboda haka mai gadi, wato manhajar hana maguɗi, sai ya rufe ƙofar ga kowa, ba ya tambayar wanda ke ƙwanƙwasawa. Irin waɗannan manhajoji na hana maguɗi suna zaune ne a can cikin zuciyar Windows, inda suke ganin kowane direba, wato manhajar da ke haɗa na'ura da Windows. Vanguard na kamfanin Riot, wanda ya fito tare da wasan Valorant a 2020, yana tashi ne tun lokacin da kwamfuta ke kunnuwa, yayin da Easy Anti-Cheat da BattlEye suke tashi tare da wasan. A nawa wasan, na gwada tura linzamin USB ɗin kansa ta hanyar sadarwa domin kwamfutar ta ɗauka a jikinta aka soka shi. Ya yi aiki na wasu makonni, sai aka sabunta wasan, ya daina. Ban sake gwadawa ba, domin ba na son in rasa asusun da na yi shekaru ina ginawa.

Mai yaɗa wasa kai tsaye: Malam, tawa ta ɗan bambanta. Masu kallona sun yi kusan minti goma suna kallon baƙin allo ina ta surutu ban sani ba. Hanyar da OBS, shirin da nake yaɗa wasa da shi, ya fi ɗaukar hoton wasa da ita tana buƙatar ya cusa wani ɗan fayil a cikin wasan, abin da mai gadi ke kallo a matsayin kutse; sanannen abu ne tun 2020, lokacin da kamfanin Valve ya kawo Trusted Mode, tsarin da ke hana wasu manhajoji taɓa wasan, a wasansa na CS:GO. Na koma ɗaukar allon gaba ɗaya, wanda ya yi aiki, sai dai ranar nan saƙon 'yar'uwata ya faɗo a gaban jama'a, kuma har yau abin yana damuna. Yanzu ina fitar da hoton ta wayar HDMI zuwa kwamfuta ta biyu.

Mai wasa da hannu ɗaya: Ina da lalura a hannun dama, don haka wata manhaja ce ke mayar min da madannai zuwa hannun wasa (na'urar sarrafa wasa) na ƙirƙira. An dakatar da asusuna na kwanaki ba tare da an faɗa min laifina ba, kuma da na rubuta wa kamfanin wasan, amsar da aka turo ba ta ko ambaci lalurar ba. Ba na adawa da yaƙi da maguɗi, domin masu maguɗi sun sha ɓata min wasa. Abin da nake nema shi ne kamfani ya fito fili ya bayyana kayan da ya yarda da su kafin mutum ya sayi wasan.

Mai buɗe zance: Allah Ya ƙara lafiya, ɗan'uwa. Na gwada hannun wasa ta Moonlight jiya da dare, shi ma wasan ya ƙi karɓa. Na rubuta wa kamfanin ina tambayar ko sun halatta wasa daga nesa, kuma zan kawo muku amsarsu yadda ta zo.