Wace ƙwallon golf ce ta dace da busasshen fili?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina buga golf a Anjamena, kuma zaɓen ƙwallo ya tsaya mini a rai. Da rani ƙasa ta bushe ƙamas, ga yashi ga tsakuwa. Mai laushin nan, mai ɓawon yuretan (wata irin roba), tana tsayawa da kyau kusa da rami, amma nan da nan take kujewa, ga tsada, sai an yi saƙo daga Duwala ko Faransa. Mai hawa biyu (ciki da ɓawo kawai), mai ɓawon Surlyn (roba mai tauri), tana jure wahala, sai dai in ta sauka takan mirgina ta wuce ramin.

Buguna ba ƙarfi sosai. Mai ƙaramin matsi (wato mai saurin lotsawa in an buga ta), kamar mai lamba 60 a ma'aunin matsi, za ta fi mini? Don Allah wanda ya saba da irin wannan fili ya ba ni shawara kafin in aika kuɗi.