Wa ya janyo ku lokacin da rubutu ya so cinye ku?

Mai Alƙalami: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na zauna rubuta shafin godiya na littafina na uku, sai na ga sunayen sun ƙi ƙarewa. A littafin farko mutum biyu kacal na gode wa, don a lokacin gani nake ni kaɗai na sha wahalar. Shi ne na ce bari in tambaya: lokacin da rubutu ya nemi ya cinye ku, wa ya janyo ku? Kuma kun taɓa yi masa godiya baki da baki?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam Anti, kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Shekara biyu da suka wuce ina sakin labari babi-babi a WhatsApp, kullum ba fashi. Wanda ya taɓa yi ya san yadda abin yake, kafin ki ajiye waya an fara "a ci gaba", "yau shiru?", "kin bar mu a rataye". Da waya nake bugawa har babban yatsana ya fara sagewa, ban kula ba. Ranar da abin ya dake ni, ƙaramar 'yata ta kawo min aikin gida in duba mata, na ce "bari in ƙarasa layin nan" har sau uku. Da na ɗago kai, ta yi barci a kan littafin, fensir na hannunta.

Ƙanwata ce ta zaunar da ni. Ta ce babu mai karatun da zai mutu don ya jira kwana biyu. Ta karɓi ragamar rukunin, ita ke tattara sharhin mutane ta kawo min sau ɗaya a mako, na koma saki sau uku. Wasu sun fice, har da wadda ta bar min baƙar magana kafin ta tafi. Amma labarin ya gyaru, tunda ina samun damar sake karantawa kafin in saki. Godiya kuwa ban taɓa yi mata ba. Kin san tsakanin 'yan uwa, sai ki ji nauyin bakinki.

Malamin Lissafi: Ni nawa da lissafi na jawo wa kaina. Na shiga ƙalubalen NaNoWriMo, wanda aka fara a Amurka a 1999 aka kuma rufe shi a 2025, inda ake rubuta kalma 50,000 a watan Nuwamba. In ka raba da kwana 30, kalma 1,667 ke nan kullum. A takarda abin ya yi min sauƙi. Na manta a watan nan ne takardun jarrabawar ɗalibai suke taruwa a teburina. Na kai mako uku ina barcin awa huɗu, rannan na shiga aji na rubuta tambaya a allo na kasa warware ta, yara suna kallona.

Mu huɗu ne muke haɗuwa duk bayan mako biyu, kowa ya karanta abin da ya rubuta. Ɗaya daga cikinmu, mutum ne mara ɓoye-ɓoye, ya saurara ya ce, "Malam, kalmomi ka tara, labari bai fara ba tukuna. Yanke babi ukun farko." Wata guda ban neme shi ba. Daga baya na yanke su, kuma gaskiyarsa ce. Shi na sa farko a shafin godiya, gaban editan ma.

Tsohon Ɗan Jarida: Ku yi haƙuri in ɗan saɓa muku. Ba kowane taron marubuta ne alheri ba. Na zauna a rukunin da babu abin da ake yi sai yabon juna, ka saka shirme a ce maka "alƙalami ya fi takobi". Shekara guda na yi a ciki ban gama komai ba, ina ta amsa gaisuwa. Kuma wannan daidaito tsakanin rubutu da rayuwar gida da ake ta faɗa, ni ban taɓa ganin littafin da aka gama ba tare da an tauye wani abu ba. Abin da na koya kawai shi ne in faɗa wa iyalina tun farko: wata biyu zan yi ƙarancin zama da ku, ga ranar da zan gama. In ranar ta zo, ko an gama ko ba a gama ba, in rufe kwamfuta. Maiɗakina ce ke riƙe da kalandar, kuma ba ta ɗaga ƙafa.

Uwar Biyu: Baba, ai wannan ɗin ma shi ne daidaiton, suna kawai ka ƙi ba shi.

Tsohon Ɗan Jarida: To 'yata, na ji. Amma batun rukunin yabo ina nan a kan bakana.

Sabuwar Hannu: Ni ban kai ku ba, gajerun labarai nake gwadawa. Ina aiki da tsarin Pomodoro, minti 25 na rubutu, minti 5 na hutu, zagaye biyu bayan na taso aiki. Wadda nake gode wa wata mai karatu ce da ban taɓa gani ba. Na yi wata huɗu ban saki komai ba saboda jinyar mahaifiyata, sai ta turo saƙo. Ba ta tambayi labari ba, cewa ta yi, "Lafiya kuwa? Ya jikin gida?" Har yau saƙon yana wayata.

Mai Alƙalami: Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ƙanwata. Uwar Biyu, ki kira ƙanwar nan taki yau, in bakin ya yi nauyi ki tura mata saƙon murya. Ni ma yanzu na tuna ban sa sunan maƙwabciyar da ta riƙa ɗaukar min yara daga makaranta lokacin gyaran ƙarshe ba. Bari in kira maɗaba'a kafin su fara bugu.